Sharhi: Shago a intanet da ƙofarsa ba ta buɗuwa, asarar wa ke nan?

A ranar 28 ga watan Yunin 2025 wata doka ta fara aiki a ƙasashe 27 na Tarayyar Turai, wadda ta wajabta wa bankuna, kamfanonin sufuri, kamfanonin sadarwa da masu saye da sayarwa ta intanet su tsara shafukansu ta yadda makaho, kurma, tsoho mai raunin gani da wanda hannunsa ke rawa duk za su iya amfani da su. Watanni uku kafin nan, a nan gida, Kundin Sake Gina Ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. A cikin watan Maris ɗin ne kuma Starlink ya fara aiki a hukumance a Nijar.

A zahiri abubuwan uku ba su da alaƙa, amma ga ɗan kasuwa tambaya ɗaya suke yi masa. Idan mai saye ya zo ƙofar shagonka ta cikin wayarsa, zai iya shiga, ya ga kaya, ya san kuɗinsu, ya biya, ya fita hankali kwance? Ko kuwa zai tsaya yana kallon allo yana juyawa har megarsa ta ƙare?

Da yawa daga cikin masu otel, makarantu masu zaman kansu, kamfanonin gine-gine da manyan shaguna a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa sun riga sun biya an buɗe masu shafi. Abin da ba a cika tattaunawa ba shi ne ko shafin yana yin aikin da aka biya domin shi.

Ado daban, aiki daban

In an ce tsara shafi, abin da ke fara zuwa a ran mutane shi ne launi, tambari mai walƙiya da hoton mai gida a bayan tebur. Masana harkar kuwa da wani ma'auni suke aunawa: mutum ya zo da buƙata, shin ya biya ta, kuma cikin daƙiƙa nawa?

Ɗauki misalin matashin da ke aiki a Abijan ko Tamanraset, yana so ya saya wa mahaifiyarsa buhun shinkafa da jarkar mai a Tasawa kafin azumi. Abu huɗu yake nema: farashin yau, tabbacin kayan suna nan, hanyar biya, da lambar wanda zai kira in an samu matsala. Idan shafin ya tare shi da dogon jawabin maraba da tarihin kafuwar kamfani, farashi kuwa sai ya tura saƙo ya jira, to zai koma wurin abokin da ya saba turawa kuɗi ya je kasuwa da ƙafarsa. Mai shagon ba zai taɓa sanin ya yi asarar ciniki ba, domin wanda ya juya daga ƙofar intanet ba ya sallama.

Manyan kamfanonin duniya sun daɗe da gane cewa kowane mataki da aka ƙara tsakanin mai saye da biya yana zubar da wani kaso na masu saye. A 1999 kamfanin Amazon ya yi rajistar mallakar dabarar saye da dannawa ɗaya tak, ya kai abokin hamayyarsa kotu a kanta, kamfanin Apple ma sai da ya biya kafin ya yi amfani da ita. Rajistar ba ta ƙare ba sai 2017. Maɓalli ɗaya ne aka yi wa wannan tsaron, saboda an san kuɗin da ke bayansa.

Google kuma a 2016 ya fitar da alƙaluman da ke nuna cewa kashi 53 cikin ɗari na masu shiga shafi ta wayar salula suna ficewa idan ya wuce daƙiƙa 3 bai buɗe ba. Tun watan Afrilun 2015 kamfanin ya fara fifita shafukan da suka dace da allon waya a sakamakon bincike, kuma a watan Oktoban 2023 ya sanar da kammala komawa tsarin da yake duba fuskar shafi ta waya kafin ta kwamfuta. Ma'anar wannan ga ɗan kasuwa a fili take: shafin da ya yi kyau a babbar kwamfutar wanda ya gina shi, amma rubutunsa ya cakuɗe a ƙaramar waya, zai nutse can ƙasa inda ba mai ganinsa.

Mega kuɗi ce

A Turai jinkirin shafi ɓacin rai ne kawai. A nan kuɗi ne daga aljihun mai saye. Mafi yawan masu shiga intanet a ƙasar nan ta waya suke shiga, da megar da suka saya ta yini ko ta mako a Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom ko Niger Telecoms, kuma kowa ya san yadda rezo ke sauka da zarar an bar tsakiyar gari.

Lissafin ba shi da wuya. Hoto ɗaya da aka ɗauka da waya ta zamani yakan kai mega 3 zuwa 5. Mai shagon atamfa da ya ɗora irin waɗannan hotuna 20 a shafin farko ba tare da an rage masu nauyi ba, ya ɗora wa baƙonsa kusan mega 80 kafin ya ga farashin turmi ɗaya. Hotunan nan ana iya matse kowane ya dawo ƙasa da kashi ɗaya cikin ashirin na nauyinsa, kuma a allon waya ido ba zai ga bambanci ba. Aikin minti kaɗan ne ga wanda ya sani, kuma kayan yin sa kyauta ne. Haka bidiyon da ke tashi da kansa, da hotuna masu zagayawa a saman shafi: suna burge mai biyan kuɗin aikin ranar da aka nuna masa a ofis, amma mai saye ne ke biyan kuɗinsu kullum.

Google ya sa ma'aunin cewa babban abin da ke cikin shafi ya kamata ya bayyana cikin daƙiƙa 2 da rabi. Kamfanin Facebook da kansa, duk da dukiyarsa, sai da ya fitar da Facebook Lite a 2015 domin ƙananan wayoyi da rezo mai rauni. In mai tarin injiniyoyi ya sauko ya daidaita kayansa da wayar talaka, ba dalilin da zai sa ɗan kasuwar Maraɗi ya ɗora wa abokan cinikinsa abin da ya fi ƙarfin wayarsu.

Zuwan Starlink bai kawar da wannan matsala ba. Ya taimaki ofisoshi, otel-otel da masu sayar da wifi a unguwanni, amma mai saye da ke cikin motar Konni zuwa Dogon Dutsi har yanzu da megar wayarsa yake aiki. Akwai ma haɗarin cewa mai gina shafi da ke zaune kan intanet mai sauri ba zai ƙara jin nauyin abin da yake ginawa ba.

Rigar aro

Yawancin shafukan kasuwanci ana ɗora su ne kan samfurin da aka riga aka tsara a waje, kamar na WordPress ko Shopify. Wannan ba laifi ba ne, yana rage kuɗi da lokaci. Matsalar tana zuwa ne idan aka bar samfurin yadda ya zo, da tunanin mai saye na Paris ko Landan.

Sai ka ga wurin cike bayani ya nace sai an sa lambar gidan waya da sunan titi da lambar gida, alhali a nan kwatance ake yi: bayan masallacin Juma'a, kusa da famfo, gida mai jan ƙyaure. Sai ka ga ya ƙi karɓar lambar waya mai alƙaluma 8 irin tamu, ko ya rasa 227 a jerin ƙasashe. Sai ka ga hanyar biya ɗaya ce, katin banki, a ƙasar da jama'a suka fi sabawa da Nita, Amana, Al Izza da kuɗin cikin waya. Sai ka ga ana maganar kai kaya har gida cikin sa'o'i 48, alhali hanyar da kowa ya sani ita ce a sa saƙo a motar kamfanin sufuri, a kira mutum ya je tasha ya karɓa, ko a ba ɗan kabu-kabu.

Ko rubuta farashi yana buƙatar lura. A kasuwa in an ce ɗari, ana nufin dala ɗari, wato sefa 500. Jika kuma sefa 1,000 ce. Shafin da ya rubuta lamba tsirara ba tare da ya fayyace sefa ce ko dala ba, ya buɗe ƙofar gardama. Ga ƴan kasuwar da ke hulɗa da Katsina, Kano da Sakkwato kuma, dole a nuna ko sefa ce ko naira, da ranar da aka sa farashin, tunda canji ba ya tsayawa wuri ɗaya.

Sai batun amana, wanda ya fi kowane nauyi ga ƴan ci-rani da mazauna ƙetare. Wanda ke Faransa ko Amurka yana so ya tura kuɗin ragon layya ko na siminti, ya ji labaran damfara sun ishe shi. Shafin da ya nuna cikakken sunan kamfani, lambar rajistar kasuwanci ta RCCM, lambar haraji ta NIF, hoton shagon na gaskiya, unguwar da yake, da abin da za a yi in kaya sun lalace a hanya, ya ba shi abin da zai bincika. Wanda ba shi da komai sai lambar waya da kyawawan hotunan da aka kwaso daga intanet, kamanninsa ɗaya da na ɗan damfara, ko da mai shi mutumin kirki ne.

Tiyar intanet

Kowa ya san dalilin da ya sa ake awo da tiya a kasuwar hatsi: domin mai saye da mai sayarwa su yi magana da ma'auni ɗaya. Intanet ma tana da nata. Tim Berners-Lee, wanda ya ƙirƙiro tsarin shafukan a cibiyar bincike ta CERN a 1989, ya kafa ƙungiyar W3C a 1994 domin fitar da ƙa'idojin bai ɗaya. Shafin da aka gina bisa waɗannan ƙa'idoji yana buɗuwa a Tecno da Itel kamar yadda yake buɗuwa a iPhone, kuma in wanda ya gina shi ya tafi, wani zai iya ɗorawa daga inda ya tsaya.

Uku daga cikin ƙa'idojin sun fi shafar mu kai tsaye.

Ta farko ita ce ta tsaro. Adireshin da ya fara da https yana nufin abin da mai saye ya rubuta a rufe yake tafiya. Tun watan Yulin 2018 manhajar Chrome ke yi wa duk shafin da ba shi da wannan kariya tambarin cewa ba amintacce ba ne. Takardar shaidar kuwa ana samun ta kyauta daga Let's Encrypt. Duk wanda ke karɓar suna da lambar wayar jama'a ya kuma tuna cewa Nijar tana da dokar kare bayanan mutane da hukumar HAPDP da ke kula da ita.

Ta biyu ita ce ta rubutu, kuma nan ne matsayin da Hausa ta samu ya shigo. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, duk suna cikin tsarin Unicode da duniya ke amfani da shi. Amma idan aka zaɓi salon rubutun da bai ƙunshe su ba, sai su fito a matsayin ƙananan akwatuna ko alamar tambaya a tsakiyar kalma. In aka cire lanƙwasar gaba ɗaya kuma ma'ana na iya sauyawa: ƙasa daban, kasa daban, ƙafa daban, kafa daban. Akwai salon rubutu na kyauta da suka ƙunshi haruffan, irin su Noto na Google da Andika na SIL. Wurin bincike na cikin shafi shi ma ya kamata ya gane cewa wanda ya rubuta kwai da wanda ya rubuta ƙwai abu ɗaya suke nema, haka wanda ya rubuta ƴa irin ta Nijar da wanda ya rubuta 'ya irin ta Najeriya. Ɗan kasuwar da ya sa Hausa mai kyau a shafinsa kusa da Faransanci ya buɗe ƙofa ga masu saye daga Agadas har Kano, Kumasi da Garwa.

Ta uku ita ce ta sauƙaƙa wa masu buƙata ta musamman, wadda aka sani da WCAG. An fitar da sigarta ta 2.0 a 2008, ta 2.1 a 2018, ta 2.2 kuma a watan Oktoban 2023. Abubuwan da take nema ba su da tsada: kowane hoto a rubuta masa bayani domin manhajar da ke karanta wa makafi, irin su TalkBack da VoiceOver, ta faɗi abin da ke ciki, bambancin hasken rubutu da na bango ya kai aƙalla 4.5 bisa 1. Maɓalli kada ya yi ƙanƙanta har yatsa ya kasa samun sa. Bidiyo a sa masa rubutun abin da ake faɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.3, kimanin kashi 16 cikin ɗari na al'ummar duniya, na rayuwa da wata babbar nakasa. Amma amfanin bai tsaya kansu ba. Rubutun da mai raunin gani zai iya karantawa shi ne wanda kai ma za ka iya karantawa a tsakar ranar watan Afrilu, a kan allon da ya tsage.

Lokacin da kotu ta shigo

A wasu ƙasashe wannan ya wuce shawara. A Amurka ƙungiyar makafi ta ƙasar ta kai katafaren kantin Target ƙara a 2006 saboda shafinsa, kuma a 2008 aka sasanta kan dalar Amurka miliyan 6. Wani makaho mai suna Guillermo Robles ya kai kamfanin abinci na Domino's ƙara a 2016 bayan ya kasa yin oda ta shafinsu da manhajarsu. Kamfanin ya kai maganar har Kotun Ƙoli, amma a watan Oktoban 2019 kotun ta ƙi sauraron ƙorafinsa.

Dokar Turai ta Yunin 2025 ta shafi duk mai sayar wa mazauna Tarayyar kai tsaye ta intanet, ko da a waje yake. Sai dai ta keɓe ƙananan masu ba da hidima, waɗanda ma'aikatansu ba su kai 10 ba kuma cinikinsu na shekara bai wuce yuro miliyan 2 ba, wato kimanin sefa biliyan 1.3. Don haka maƙerin azurfa na Agadas ko badukun Damagaram da ke tura jakunkuna kaɗan Turai ba zai ga takardar tara ba. Inda dokar ta fi shafar mu shi ne ta fuskar aiki: matasan da ke neman kwangilar gina shafuka daga kamfanonin waje, ko ƴan Nijar mazauna Turai da ke da kasuwanci can, yanzu sanin waɗannan ƙa'idoji ya zama sharaɗi. Ga ɗaliban kwamfuta na jami'o'in Abdou Moumouni, Dan Dicko Dankoulodo, André Salifou da Djibo Hamani, wannan fanni ne da ake iya koyo kyauta, domin takardun W3C a buɗe suke ga kowa.

Rumfar haya

Wani zai ce, duk wannan wahala ta mece ce, tunda ga WhatsApp da Facebook da TikTok, kuma a can masu saye suke? Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Ga mai sayar da turaren wuta ko kilishi daga gida, WhatsApp Business da jerin kayansa da saƙon murya sun wadatar, musamman a ƙasar da da yawa suka fi jin daɗin magana a kan karatu. Tilasta wa irin wannan ya biya kuɗin shafi duk shekara ɓarnar jari ce.

Amma wanda kasuwancinsa ya girma ya sani cewa rumfar haya yake zaune. A ranar 4 ga watan Oktoban 2021 Facebook, WhatsApp da Instagram sun ɗauke na kimanin sa'o'i 6 a duniya baki ɗaya. A maƙwabciya Najeriya an dakatar da Twitter daga watan Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, masu talla a can suka wayi gari ba shago. Ban da wannan, ana iya rufe asusun mutum ko a sace shi, mabiyan da ya tara shekaru su tafi a dare ɗaya, ba kuma ofishin da zai je ya kai kuka. Shafin kai, ko da shafi ɗaya ne mai sauƙi da ke ɗauke da kaya, farashi, kwatance da maɓallin WhatsApp, shi ne adireshin da ba ya sauyawa.

Sai dai shi ma yana da tarkonsa. Sunan shafi, ko mai ƙarewa da .ne na Nijar ne ko .com, haya ce da ake sabuntawa. Sau da yawa wanda ya gina shafin ne ke yin rajistar sunan da nasa imel. In aka ɓata, ko ya bar gari, ko aka manta ranar biya, shafin ya tafi, adireshin da aka buga a kan allo da kati da jikin mota ya zama na banza. Kafin a biya kuɗin aiki, mai kasuwa ya tabbatar sunan da sunansa aka yi rajista, kalmomin sirri suna hannunsa, kuma akwai wani a shagon da aka koya wa sauya farashi. Shafin da ke nuna farashin bara ya fi rashin shafi illa.

Gwajin da ba ya cin ko dala

Jakob Nielsen, ɗaya daga cikin sanannun masana wannan fanni, ya nuna tun shekarar 2000 cewa gwada shafi da mutum 5 kacal yana tono mafi yawan matsalolinsa. Wannan gwaji kowa na iya yin sa a bakin shagonsa. A samu mutum biyar irin masu sayen gaske: dattijo mai tabarau, uwar gida, ɗan kabu-kabu, ɗaliba, da wani ɗan'uwa da ke ƙetare. A ba kowa aiki ɗaya a wayarsa da megarsa, misali ya nemo kuɗin buhun siminti ya kuma gano yadda zai biya. Sai a yi shiru a kalla, kada a taimaka. Duk inda mutum biyu suka tsaya suna laluben abin dannawa, nan ne kuɗi ke zuba.

Masu gina shafuka su ma akwai gyara a wajensu. Yarjejeniyar da ta tsaya kan yawan shafuka da kyawun launi ta bar muhimmin abu a baya. Kamata ya yi a rubuta nauyin shafin farko, daƙiƙun da zai ɗauka a ƙaramar waya, harsunan da zai ƙunsa, da wanda zai riƙa kula da shi bayan an miƙa. Mai kasuwa kuma, ranar karɓar aiki, ya ajiye kwamfutar ofis gefe, ya ari wayar yaron shagonsa, ya fita waje cikin rana, ya gwada sayen kayansa da kansa. In ya kai ƙarshe ba tare da ya kira kowa ba, to ya biya sauran kuɗin.